Hoton Kaza da 'Ya'yanta daga saman bene a Agege

Jama'a wallahi ɗaukar hoton taurari a Legas sai mai haƙuri. Jiya da dare na hau saman benen gidanmu da kyamara da ɗan injin nan mai bin juyawar sama, niyyata in kama Kaza da 'Ya'yanta, wato tarin taurarin nan da Turawa ke kira Pleiades. Matsalar farko saitin injin ne, dole ka daidaita shi da tauraron arewa wato Polaris, to mu nan yana ƙasa ƙasa sosai, digiri 6 da ɗan wani abu kawai sama da ƙasa, gidaje da hayaƙin janareta sun rufe shi gaba ɗaya. Da kamfas ɗin waya na kintata, ina ɗauka ina dubawa, in taurarin sun ja layi in ɗan murɗa har suka zama ɗigo ɗigo.

Sai kuma raɓa. Iskar garin nan jiƙe take, kafin awa ɗaya gilashin lens ya yi gumi hotuna duk sun dushe. Abin ɗumama lens na USB da na naɗa masa na haɗa da fawa bank shi ya cece ni, duk mai son harkar nan a Legas ya fara sayen wannan kafin ya je neman babban telescope.

Na haɗa hotuna masu yawa, kowanne kyamara ta yi daƙiƙa 30 tana ɗaukarsa, a Siril wato manhajar haɗa hotunan taurari, na cire jan hasken fitilun gari, sai ga shuɗin ƙurar da ke kewaye da taurarin ya ɗan fito. Haske ne da ya yi shekara sama da 400 yana tafiya fa. Baba Malam na ƙasanmu da na nuna masa sai da ya ce Allahu Akbar, ya ce in tura masa ta WhatsApp.