Ziyara Zuwa Kruszyniany, Ƙauyen Musulmin Tatar a Ƙasar Foland

Aikin da ya kai ni ƙasar Foland a birnin Warso yake, amma wurin da na dawo ina ba kowa labarinsa wani ɗan ƙauye ne a gabashin ƙasar, daf da iyakar Belarus, mai suna Kruszyniany. Wani abokin aiki ne ya faɗa mini cewa akwai Musulmin Tatar, wata ƙabila dangin Turkawa, 'yan asalin ƙasar da suka shafe sama da shekara 300 a can suna riƙe da masallacinsu, na kuma ƙudura cewa ba zan hau jirgin komawa gida ba sai na gani da idona.

Jirgin ƙasa ya sauke ni a birnin Biyalistok, daga nan na yi shatar mota, domin motocin haya masu zuwa ƙauyen ba su da yawa. Tafiyar kimanin kilomita 50 ce, yawancinta a cikin dajin itatuwa masu tsayi. Kusa da garin Krynki muka tarar da shingen bincike, wanda ya zama ruwan dare a yankin tun rikicin 'yan gudun hijira na 2021. Jami'in da ya karɓi fasfona bai gaishe ni ba, bai kuma amsa gaisuwata ba. Ya daɗe yana juya takardun, sannan ya tambayi direban, ba ni ba, ko a bakin daji ya ɗauko ni. Na san halin da iyakar take ciki, kuma ban ga laifin bincike ba, amma mutumin da takardunsa suke cikakku ya cancanci a yi masa magana a fuskarsa. Direban ya ji kunya ƙwarai, har ya riƙa ba ni haƙuri a madadin wanda bai nemi afuwa ba.

Ƙauyen kansa titi ɗaya ne mai tsawo, da gidajen katako a dama da hagu. Masallacin yana tsakiyar wani fili da aka kewaye da ƙaramar katangar duwatsu, an shafe shi da koren fenti, yana da hasumiya biyu a gaba irin na majami'un ƙauyukan yankin, kuma in ba don jinjirin watan da ke samansu ba, baƙo zai wuce shi bai gane ba. An gina shi a rabi na biyu na ƙarni na 18, an yi masa babban gyara a 1846, kuma shi ne masallaci mafi daɗewa da ya rage a ƙasar.

Mai yi wa baƙi jagora, wanda shi ma Batatare ne, ya zaunar da mu a kan darduma ya warware mana tarihin. Kakanninsu sun fara zama a daular Lituweniya tun ƙarshen ƙarni na 14, suna yi wa sarakuna aikin sojan doki. A 1672 wasu rundunoninsu suka yi tawaye suka koma ɓangaren Usmaniyawa, wato Turkawan daular Ottoman, saboda an riƙe musu albashi, daga baya suka dawo, kuma a 1679 Sarki Jan Sobieski, mai mulkin Foland da Lituweniya, ya ba su filaye a wannan yanki a maimakon bashin da suke bin masarauta. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne jin cewa a yaƙin birnin Biyana (Vienna) na 1683 waɗannan Musulmi suna cikin rundunar Sobieski, suna fuskantar Usmaniyawa. Ya ce Kanar Samuel Murza Krzeczowski, wanda aka ba wa fili a ƙauyen, shi ne ya ceci ran sarkin a yaƙin Parkany a wannan shekara, kuma sarkin ya ziyarce shi a nan a 1688.

Cikin masallacin ƙarami ne, da mihrabi da mumbari na katako, da bango mai raba sashen maza da na mata, an bar masa tsaga da labule domin mata su riƙa bin liman. An rataye allunan ayoyi da addu'o'i a jikin bangaye. Na yi nafila raka'a biyu a wurin, zuciyata cike da tunanin yadda 'yan tsirarun iyalai suka hana wannan katako ruɓewa ta cikin yaƙe-yaƙen duniya biyu da mulkin kwaminisanci, alhali a garuruwanmu muna rushe masallacin ƙasa da kakanni suka gina mu kafa na siminti, muna ganin ci gaba muka yi. Gwamnatin Foland ta sanya wannan masallaci da na Bohoniki, wani ƙauyen Tatar a yankin, tare da maƙabartunsu, cikin manyan kayan tarihin ƙasa a 2012.

Harshen Tatar ya ɓace musu tun ƙarnoni da suka wuce, amma sun rubuta tafsiri da littattafan addini da harshen Foland da na Belarus cikin haruffan Larabci, wato daidai yadda malamanmu suka yi da ajami. Da na gaya wa jagoran cewa Hausawa ma haka suka rubuta waƙoƙin wa'azi da fiƙihu, sai ya yi ta tambayata yadda muke rubuta sautukan da babu su a Larabci, muka daɗe a kan maganar.

Maƙabartar tana kan wani tudu a bayan masallacin, a ƙarƙashin itatuwa. Tsofaffin kaburbura duwatsu ne kawai da aka jera, wasu sun fara nutsewa a ƙasa, sababbin kuma suna ɗauke da bisimilla da Larabci a sama, sunan mamaci a ƙasa da harshen Foland, wasu na zamanin mulkin Rasha kuma da haruffan Rashanci. Yawancin Tatar sun koma birane, amma nan ake kawo gawarsu, kuma a lokacin idi ƙauyen yakan cika da su. A 2014 wasu ɓata-gari sun yi wa masallacin da kaburburan zanen cin mutunci, sai dai mutanen ƙasar da dama, waɗanda ba Musulmi ba ne, sun fito sun yi tir da abin sun kuma taimaka aka gyara.

Abincin rana kuwa pierekaczewnik na ci, wato ƙullin fulawa da ake murzawa ya yi siriri, a jera shi hawa-hawa da nama da man shanu, a naɗe a gasa. Yana da daɗi da nauyi a ciki, amma da na lissafa kuɗinsa da naira sai na ga tsadar ta wuce misali, kuma a ganina yawan masu yawon buɗe ido, musamman tun bayan ziyarar Yarima Charles na Ingila a 2010, shi ya ɗaga farashin komai a ƙauyen. Dattijuwar da ta kawo mini abincin, da ta ji Musulmi ne ni daga Najeriya, ta ƙaro mini shayi da waina mai zaƙi ta ƙi karɓar ko sisi a kansu, tana cewa baƙon da ya yi salla a masallacinsu ba ya biyan kuɗin shayi.

A hanyar dawowa mun biya ta Bohoniki, inda masallacin ya fi ƙanƙanta, kuma a maƙabartarsa ne Tatar suka yi wa wasu 'yan gudun hijira da suka mutu a dajin iyaka sutura a 2021. Mun yi musu addu'a, muka wuce garin Sokółka, na kama jirgin yamma zuwa Warso.