Tarihin Rayuwata, Kashi na 12: Darasin Ƙarshe a Ajin Manya na Aboabo

A makon jiya na tsaya a kan yadda na zama malamar Turanci ga mutanen da yawancinsu sun haife ni, a wani ɗakin Islamiyya da aka ara mana a Aboabo, cikin Kumasi. Yau labarin ranar da muka rufe ajin zan ba ku.

Watan Disamba ne na 2007, hazo ya sauko, Babbar Sallah ta ƙarato. Tun mako guda kafin ranar na sanar da su cewa babu jarrabawa, wasa za mu yi. Wani dattijo direban tasi da muke kira Baba ya cire hularsa ya shafa kai. "'Yata, wasa kuma? Da furfurarmu?" Na ce, "Baba, ka dai zo. In bai yi maka ba, ka hukunta ni."

Na san abin da yake tsoro. Babba ba ya jin tsoron wahalar karatu, kunya yake tsoro. Mutanen nan duk suna jin Hausa da Twi kamar ruwa, wasunsu har da Dagbani ko Mossanci, kuma suna juya kuɗin da ni ban taɓa riƙewa ba. Abin da ya kawo su aji shi ne takardar banki, da katin asibiti, da sakamakon jarrabawar yaransu da sai an karanta musu. Saboda haka wasannin da ke cikin littafin horaswarmu, irin na tsere zuwa allo da jifan ƙwallo, duk na ajiye su gefe. Na lambobin nan da ake kira bingo ma ban kawo shi ba, don ya yi kama da caca, kuma a ɗakin da ake karanta Alƙur'ani da safe muke zaune. Sharaɗina biyu ne: ba a fitar da kowa daga wasa, kuma maza suna ɓangarensu, mata suna nasu.

Da wasan kasuwa muka fara, shi ne kuma ya cinye rabin daren. A watan Yuli na shekarar ne aka sauya kuɗin Ghana, aka cire sifiri huɗu, sidi dubu goma na da ya koma sidi ɗaya. Tsohon kuɗin da sabon suna tafiya tare har ƙarshen shekara, rediyo kullum yana ta nanata cewa darajar ba ta canza ba, amma a kasuwannin Kejetia da Alabar mutane da tsohon lissafi suke magana. Sai na yanka kwali na yi takardun sidi 1, 5, 10, 20 da 50, na ce kowa ya zo da abin sana'arsa. Hajiya mai waakye, wato shinkafa da wake, ta zo da ludayinta da ganyen da take naɗe abinci, Alhaji mai goro ya zo da ɗan kwando, tela ya zo da tef ɗin awo. Doka ɗaya ce: ciniki da Turanci kawai, farashi da sabon kuɗi. Wanda Hausa ko Twi ta kuɓuce masa zai biya tarar goro ɗaya a faranti.

Wallahi ban taɓa jin ajin nan ya yi magana kamar daren ba. Hajiya, wadda a kullum sai na roƙe ta kafin ta karanta jimla ɗaya, ta gyara mayafi ta tsare Alhaji da ido tana ce masa kayansa sun yi tsada, ya rage. Shi kuma ya rantse da Turancinsa cewa a haka ma faɗuwa yake yi. Da ya ba ta canji bai cika ba, nan take ta ƙirga masa da ƙarfi, ba ta yi tuntuɓe a lamba ko ɗaya ba. Dama ciniki a jininsu yake, harshen ne kawai sabo, kuma da suka manta ina kallonsu sai harshen ya saki. Farantin tara ya cika, rabinsa na Baba ne, don duk sanda aka taya masa kuɗin mota da arha sai "Haba!" ta fito masa, aji ya ce wannan ma Hausa ce, ya biya.

Bayan haka muka yi "Sarki ya ce". Mafi tsufa a cikinmu ya zama sarki, yana ba da umarni da Turanci: a taɓa hanci, a ɗaga hannun dama, a rufe littafi. In bai ambaci sarki ba, ba a motsi. A zaune muka yi shi saboda masu ciwon gwiwa, bai kuma ɗauki lokaci ba.

Na uku shi ne wanda har yau nake ba duk mai koyar da manya shawara a kai. Mutum ɗaya zai zauna ya juya wa allo baya, in rubuta kalma a bayansa, 'yan ɓangarensa su yi ta kwatanta masa da Turanci har ya gano ta. Kalmomin duk daga darussanmu na ɗebo su: likita, rasit, sa hannu, tashar mota, kuɗin makaranta. Daɗinsa shi ne nauyin ba ya kan mai zama a kujera shi kaɗai. In ya kasa, laifin masu kwatance ne, don haka babu wanda ya tashi da kunya. Mata ne suka ci, da tazara kuwa, kuma sai da suka yi guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Kafin addu'ar tashi na raba musu fom irin na buɗe asusun banki wanda na kwafa da hannu. Kowa ya cike sunansa, unguwarsa da sana'arsa, ya sa hannu. Ban kawo tawadar dangwale ba, babu kuma wanda ya tambaye ta. Wata inna mai sayar da koko da ƙosai ta riƙe nata ta ƙi miƙo mini. "Malama, ki bar mini wannan, jikana zan nuna wa." Na bar mata, sauran ma kowa ya ce nasa yake so, sai na koma gida hannu wofi, ban da goron tara da suka dage sai na karɓa.

Baba ya rage mini hanya a tasinsa, yana ta tambayata yadda zai yi wa baƙi kwatancen filin wasa na Baba Yara, don gasar cin kofin Afirka za ta fara a Ghana ranar 20 ga Janairun 2008, kuma Kumasi na cikin garuruwan da za a buga. Ta hanyarsa ne na sami aikin tafinta na farko a lokacin gasar, aikin da ya kai ni Accra. A nan za mu ɗora mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.