Tantance shekarun tsohon takobi: abin da aiki ya koya mini

Duk wanda ya kawo mana tsohon takobi a ɗakin ajiyar kayan tarihi, tambaya ɗaya yake zuwa da ita: shekararsa nawa? Yawanci kuma ya riga ya taho da amsa a ransa, wadda ya ji daga bakin uba ko kaka. Dattijon da ya raine mu a wannan aiki ya koya mini a karɓi amsar nan hannu biyu, a rubuta ta, sannan a ajiye ta gefe tukuna a duba ƙarfen.

Abin da ya fara cusa mini shi ne takobi ba shi da shekara ɗaya. Ruwansa da zamaninsa, ƙotarsa da nata, kube kuwa kusan kullum shi ne na baya-bayan nan, domin fata ba ta jure abin da ƙarfe yake jurewa. Kamar tsohon gidan gado ne, zaure na kaka, ɗakunan ciki na uba, ƙofar ƙarfe ta jika. Wanda ya dubi kube ya yanke wa ruwa hukunci ya zalunci takobin.

Takubban sojan Ingila su suka fi sauƙi, don Turawan sun rubuta kusan komai a jikinsu. Wanda muka fi gani shi ne na hafsoshin sojan ƙasa, samfurin 1897. Ruwansa miƙaƙƙe ne, tsawonsa kusan santimita 83, an yi shi don suka ba don sara ba, shi ya sa kaifin yake can wajen tsini, gindin kuwa dakusasshe. Ƙotar an lulluɓe ta da fatar kifi mai kaushi, an naɗe da waya, ga kuma garkuwar hannu ta farin ƙarfe mai huje-huje. Wannan siffa ba rana ɗaya ta haɗu ba. Ruwan ya fito a 1892, garkuwar ta biyo baya a 1895, sai a 1897 aka lanƙwasa gefenta na ciki saboda yana cin rigar hafsa idan ya rataya. Ƴar lanƙwasar nan kaɗai ta isa ta shaida maka cewa ba a ƙera garkuwar kafin 1897 ba. To amma iyakar abin da za ta faɗa ke nan, domin har gobe da wannan samfuri hafsoshin Ingila suke fareti.

Abin da yake rage tazarar shi ne tambarin sarauta. A jikin garkuwa, da kuma cikin zanen da ke kan ruwa, akwai haruffan sunan mai mulkin Ingila a ƙarƙashin kambi. VR na Sarauniya Victoria ne, wadda ta rasu a Janairun 1901. ER da lamba VII na Edward na Bakwai ne, daga 1901 zuwa 1910. George na Biyar ya riƙe daga 1910 zuwa 1936, George na Shida daga ƙarshen 1936 zuwa 1952, sannan Elizabeth ta Biyu. A tsakani akwai Edward na Takwas da bai cika shekara a kan gado ba, don haka takobi mai tambarinsa ba a cika samu ba, kuma duk wanda ya tallata maka shi da araha ka sake dubawa. Haruffan a sarƙe suke da juna, sai da gilashin ƙara girma, kuma layi ɗaya tak ya raba V na George na Biyar da VI na George na Shida. Dole ne kuma a gwada tambarin garkuwa da na ruwa, saboda hafsa yakan riƙe tsohon ruwa ya sa a yi masa sabuwar ƙota idan doka ta canza samfuri.

Wata rana wani dattijo ya shigo da irin wannan takobi a naɗe cikin zane, ya ce kakansu ne ya ƙwace shi daga hannun Bature shekarar da aka ci Kano. An ci Kano a Fabrairun 1903, Sakkwato a watan Maris, aka yi yaƙin Burmi a Yuli. Tambarin da ke jikin takobin, a garkuwa da a ruwa, na George na Biyar ne. Na zuba ido in ga yadda maigidana, wanda ya koya mini aikin, zai yi. Sai da ya jinjina takobin, ya yaba yadda aka adana shi, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, takobin nan na gaske ne, babu jabu a jikinsa. Sai dai sarkin da sunansa yake nan bai hau gado ba sai 1910. A gidanku akwai wanda ya yi soja daga baya?" Dattijon ya yi shiru, can ya ce ai ƙanen kakansu ya je yaƙin Kamaru. Sojojin Najeriya kuwa sun yi wannan yaƙi daga 1914 zuwa 1916. Ba mu ce masa ta nan takobin ya shigo gidan ba, don ƙarfen bai faɗi haka ba. Amma ya fita da girmansa, da kuma wata tambaya da zai kai wa tsofaffin gida.

A nan na gane cewa labarin gida ba kasafai yake zama ƙarya ba. Abin da ya fi faruwa shi ne labari biyu su haɗe: ga kaka da ya yi yaƙi, ga takobi a rataye a ɗaki, bayan zuriya biyu sai a ɗaura musu aure. Shi ya sa nake jin zafi in na ga ma'aikaci ya yi wa mai kaya dariya. Da an kunyata dattijon nan, da ba mu taɓa jin zancen Kamaru ba.

Idan sa'a ta zo, sai ka tarar takobin ƙirar kamfanin Wilkinson na Landan ne. Tun shekarun 1840 suke buga lamba a gadon bayan ruwa, kusa da ƙota, suna kuma rubuta ta a littafin rajista, sau da yawa har da sunan wanda ya saya. Sun daina ƙera takubba a 2005, amma rajistar tana nan, kuma da lambar ana gano shekara. Sunan da ke gindin ruwa kuwa ba lallai na maƙeri ba ne, yakan zama na telan da ya ɗinka wa hafsa kayan sarki ya haɗa masa da takobi.

Akwai wata alama da take ruɗa mutanenmu musamman. A gindin ruwan za ka ga tauraro mai kusurwa shida, da ɗan faifan tagulla a tsakiyarsa. Duk wanda ya san kwabo da anini masu huji na zamanin Turawa ya san tauraron nan, kuma shi ne a tutar Najeriya ta mulkin mallaka tun daga 1914. Sai mutum ya ce ai ga shaida, don Najeriya aka ƙera. Ba haka ba ne. Alamar gwaji ce, wai an jarraba ƙarfen bai karye ba, kuma maƙeran Ingila suna sa ta tun kafin a raɗa wa Najeriya suna, a takubban da suka tafi Indiya da ko'ina.

Na Faransa, waɗanda aka fi samu ta wajen Damagaram tunda a 1899 suka kama garin, sun ma fi sauƙi. A gadon baya sukan rubuta masana'anta, galibi Châtellerault, da wata da shekarar ƙira. Abin kiyayewa kawai shi ne shekara biyu ake rubutawa, wadda ke bayan haruffan Mle ta samfuri ce, ba ta ranar da aka ƙera ba.

Wahalar duk tana ga namu, takobin Hausa da na Buzaye, kuma shi ne na fi so. Babu rajista, babu tambarin sarki. Da yawa daga cikin ruwan masu kyau daga Turai suka fito, musamman garin Solingen na Jamus, fatake suka ƙetaro da su Sahara tsirara, maƙeranmu suka yi musu ƙota, dukawa suka ɗinka kube. A jikinsu ana ganin zanen kyarkeci yana gudu, ko jinjirin wata biyu masu fuska. Da yake masu saye sun ɗauki waɗannan alamu shaidar inganci, maƙeran gida su ma suka riƙa buga su a nasu ruwan. Ganin alama kaɗai bai isa ba ke nan. Sai ka duba ko da hatimi aka buga ta bugu ɗaya ko da hannu aka sassaƙa, ka bi kwarmin da ke tsakiyar ruwa ka ga ko ya tafi sambal, ka ɗan lanƙwasa ruwan a hankali ka ga ko zai koma daidai. Ko lamba ka gani kada ka yi saurin murna. Akwai ruwan Jamus da yawa masu ɗauke da 1414, alhali ɗaruruwan shekaru bayan nan aka ƙera su, lambar ba kwanan wata ba ce. A irin waɗannan, in na iya cewa ƙarni kaza ne na gode Allah, kuma ba na ƙara ko shekara goma a kan abin da na gani don in faranta wa mai kaya. Ban kuma yarda a wulaƙanta ruwan da aka ƙera a gida ba. Takobin da maƙerin Kano ko na Agadas ya yi da ƙarfen da aka narka a ƙasar nan yana ba da labarin da na Solingen ba zai bayar ba.

Babban abin da yake ɓata mana aiki ba tsatsa ba ce, ƙauna ce. Sallah na matsowa sai a fito da takobi a dirje shi da toka da yashi, ko samfefa, don ya yi walƙiya a wajen hawa. Zanen da ke kan ruwan Ingila da ruwan guba aka ci shi, bai da zurfi, dirza kaɗan take tafiya da tambarin sarki da sunan tela gaba ɗaya. Na sha riƙe takobi mai ƙyalli wanda ba sauran abin karantawa a jikinsa. Tsumma mai laushi da ɗigon man keken ɗinki sun wadatar, a kuma raba shi da danshin damina, kada ya shekara cikin kuben fata ba a zaro shi an duba ba. Wanda ke da irinsa a gida, tun tsofaffi suna raye ya zauna da su ya rubuta sunan wanda ya fara riƙe shi, da garin da ya fito, da waɗanda ya bi ta hannunsu, ya ajiye takardar tare da takobin.