Abin da Eriyar Tirela Ta Koya Mini

Aikin wayarin nake yi wa manyan motoci a wani gareji da ke hanyar Kano, nan cikin Katsina. Direba kan jure wa fitilar da ke kashe ido, amma rediyo ba ya yafe ta, don ita ce abokiyar hirarsa tun daga Legas har Jibiya.

Maigidana bai taɓa barina na ɗauki sukundireba ba sai na tambayi direba: "Malam, a ina take ɗaukewa?" In ya ce sai ya yi nisa da gari tashar FM ke shaƙewa, to motarsa lafiya lau. Zangon FM ba ya cin dogon zango, iyakarsa ke nan.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mai motar da aka shigo da ita daga Amurka. Ga maɓalli an rubuta SAT, ga 'yar eriya baƙa a kan rufi, amma shiru. Wannan rediyon tauraron ɗan'adam ce ta kamfanin SiriusXM, wanda ya samu daga haɗewar kamfanoni biyu a 2008, kuma taurarin ɗan'adam ɗinsa Arewacin Amurka suke haskawa, can ma sai da kuɗin wata. Mu nan an taɓa yi mana irinta, ta kamfanin WorldSpace, da tauraron AfriStar da aka harba a 1998, kamfanin ya karye a 2008. Duk mai gyaran da ya karɓi kuɗinka ya ce zai canza eriya SAT ta kama, cin haram kawai ya yi.

Abin da ke jin tauraro a motocinmu shi ne na'urar GPS da masu mota ke sawa don bibiyar kayansu. Ita sararin sama take so. A ƙarƙashin robar dashbod tana gani, amma a cusa ta bayan ƙarfe don ɓoye wa direba, sai Alhaji ya kira yana faɗa wai motarsa ta ɓace a hanyar Daura.

Sauran aikin na kunne ne. In rediyo na wata ƙara da ke tashi da sauka tare da totur, altaneta ce mai cajin batir, ko wayar nagetif da ba ta kama jikin mota ba. In an kashe inji tana nan, sai in fara zare cajar waya. Cajojin nan masu araha da fitilun ado na LED sun fi komai ɓata sauti. Motocin Turai irin su DAF da MAN batirinsu volt 24 ne, rediyon kasuwa kuwa 12, kuma na'urar rage wutar da ake haɗa su da ita, in ta banza ce, ita ma kuka take zubawa cikin sifika.

Sannan in hau saman mota. Gindin eriya dole ya taɓa tsiraren ƙarfe. Ƙurar hunturu ta shige, ruwan damina ya biyo, tsatsa ta raba su. Sanfefa da ɗan giris sun ishe shi. Wayar kuma a bi ta da yatsa, musamman inda ƙofa ke datse ta, don a waje sumul take, a ciki ta karye. Sandar FM tsawonta wajen santimita 75 ne. In yaron mota ya gutsure ta don kada ta riƙa bugun reshe, sai dai a sayi sabuwa.