Na gwada atisayen da ya fito da Naim Suleymanoglu

A gasar Olamfik ta Seoul a 1988, Naim Suleymanoglu, ɗan wasan ɗaga ƙarfe mai tsawon mita 1.47 a ajin kilo 60, ya fizgi kilo 152.5 sama a tashi guda, sannan ya saɓa kilo 190 a kafaɗa ya cilla sama, fiye da ninki uku na nauyinsa. Turkiyya ya wakilta, amma a Bulgeriya aka haife shi a 1967, kuma a hannun mai horarwa Ivan Abadjiev ya goge kafin ya tsere daga tawagar Bulgeriya a Melbourne ta Ostireliya a 1986.

Tsarin Abadjiev ɗin na ɗauko: fizga, saɓa da cillawa, sai tsuguno da ƙarfe a gaban wuya, safe da yamma, kullum a kai maƙura, wato nauyin ƙarshe da mutum zai iya ɗagawa. Mako uku na jure. Wuyan hannu ya fara tsami, gwiwa ta bi sahu, fizgata ta ragu da kilo 5. Ashe tsoka tana saurin farfaɗowa, jijiya da gaɓa kuwa sai a hankali. Su 'yan wasan Bulgeriya an tsamo su tun suna yara, ba su da sana'a sai ci da barci da ƙarfe. Kada a manta kuma, a Seoul ɗin nan tawagar Bulgeriya ta janye bayan an kama 'yan wasanta biyu da haramtaccen magani.

Sai na koma kwana huɗu a mako, da kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na maƙurata, ɗagawa biyu ko uku, zubi biyar. Maƙura sau ɗaya a mako biyu.

Abin koyi a wajen Naim yana cikin motsinsa. A fara da sandar kilo 20 zalla. Babban yatsa ya naɗe sandar, manuni da na tsakiya su danne shi. Zai yi zafi kwanaki, a naɗa filasta. Sandar ta riƙa shafar cinya tana hawa, don da ta yi nesa da jiki za ta ja ka gaba, ka tsaya kan yatsun ƙafa, ƙarfen ya faɗi. Kada a lanƙwasa hannu sai ƙugu ya gama miƙewa. Wajen saɓawa kuma, a watsa gwiwar hannu gaba da sauri, sandar ta zauna kan kafaɗa. In gwiwar hannu ta yi ƙasa, wuyan hannu ne zai ɗauki kayan, kuma ta nan nawa ciwon ya shigo.