Awon sandar ƙasa a tsakiyar bazara

Yau na wuni a wani gida a unguwar Zariya ta birnin Maradi, inda uwargida take sana'ar ƙanƙara, kuma ƴaƴanta sun yi ta kukan cewa jikin firiza yana jan su idan sun taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu. Alhaji mai gidan ya tarye ni da cewa akwai sandar ƙasa tun lokacin gini, har an zuba mata gishiri da gawayi, saboda haka a ganinsa babu abin aunawa.

A tsarin da muke bi a nan, wanda muka gada daga ƙa'idar Faransa ta NF C 15-100, NIGELEC, kamfanin wutar lantarki na Nijar, tana kawo waya mai wuta da nutur (wayar da wuta ke komawa ta cikinta), kowane gida kuma shi yake kafa tasa sandar. Idan wuta ta zube a jikin ƙarfe, sai ta bi wayar ƙasa zuwa sanda, ta ratsa ƙasar kanta har zuwa sandar taransifoma, sannan ta komo. Wannan zagaye shi nake aunawa, kuma kusan duk turjiyar da ke cikinsa tana nan inda sanda ta haɗu da yashi. Na jona na'ura a soket ɗin firiza, na zaɓi awo mai ƙaramin ƙarfi don kada makatsin wuta ya faɗi, sai ta nuna turjiya ta om 190.

Na yi wa Alhaji lissafin a bayan kwali. Bolt 220 a kan om 190 bai wuce amfiya ɗaya da ɗan abin da ya ɗora ba, alhali makatsin da ke tsaron layin na amfiya 16 ne, wanda ba zai ko motsa ba, jikin firiza kuwa zai zauna da wuta har sai wani ya taɓa. Abin da ke ceton rai a irin wannan tsari shi ne difaransiyel, wato makatsin da ke faɗuwa idan wuta ta zube zuwa ƙasa, shi ma da sharaɗin cewa turjiyar sanda, idan aka ninka ta da ƙarfin da yake faɗuwa a kai, kada ta haura bolt 50. Na bakin kwantar wutar gidansa mai miliamfiya 500 ne (rabin amfiya), wato yana buƙatar om 100 ko ƙasa da haka.

"To Malam, a kwarara mata ruwa mana ka sake gwadawa," in ji shi. Na ce, "Alhaji, lambar za ta sauka, amma jibi yashin ya bushe." Ni dai na fi yarda da awon watan Afrilu fiye da na Agusta, domin yashin Maradi a bazara ba ya riƙe laima sai can ƙasa, kuma duk sandar da aka yaba da damina ba a san halinta ba tukuna. Gishirin ma ruwa yana wanke shi, kafin nan kuma ya ci ƙarfen. Da muka tona kan sandar mun tarar maƙalin wayar ya yi tsatsa.

Muka sauya maƙalin, muka kafa sanda ta biyu mai mita 2 kusa da magudanar banɗaki, da tazarar mita 4 daga ta farko, domin sanduna masu kusanci ƙasa ɗaya suke rabawa, ribarsu kaɗan ce. Awo ya koma om 82. Na ƙara difaransiyel mai miliamfiya 30 a layin soket, na gwada shi da na'ura, ya katse nan take.

Da muka mayar da firiza, injinta na tashi sai wutar ta faɗi, abin da ya tabbatar cewa zubar daga cikinta take. Uwargida ta aiko daga ciki cewa a haɗa mata kai tsaye zuwa safe don kada ƙanƙarar ta narke, na ba ta haƙuri na ƙi. An kwashe kayan zuwa firizar maƙwabta, mai gyaran firiji kuma zai zo gobe da hantsi.