Abin da shaya ya koya mini a aikin lambu

Shekara shida ke nan ina kula da lambun wani gida a Ikoyi. Kullum daga Agege nake tasowa bayan sallar asuba, domin in riga cunkoson motoci, kuma wannan sammakon ne ya sa na san tsuntsayen gidan fiye da masu gidan. Na yi karatun aikin gona a Arewa, na zo Legas ina ganin babu abin da ya rage mini in koya game da ƙasa da tsiro. Game da tsuntsu kuwa, abin da na sani bai wuce na kowane yaron ƙauye ba: a watsa gero, su sauko.

A bayan gidan akwai tsohuwar bishiyar ɓaure. Idan ta nuna, wasu tsuntsaye masu surutu sukan zo a garke su cika ta. A inuwa baƙaƙe ne, amma da zarar rana ta taɓa su sai ka ga shuɗi da kore da ruwan shuni suna wulgawa a jikinsu kamar sabon rawani ɗan Kura. Baba maigadi, dattijon da ya fi shekara talatin a Legas, shi ya ce mini shaya ne, dangin waɗanda muke gani a gida, sai dai na nan Kudu sun fi girma kuma sun fi son 'ya'yan itace. Daga baya na karanta cewa wannan ƙyallin ba rini ba ne kawai, tsarin gashin ne yake karya haske, shi ya sa launin ke sauyawa duk lokacin da tsuntsun ya juya.

Uwargida ta daɗe a Ingila, inda mutane kan rataye abincin tsuntsaye a lambu, musamman lokacin sanyi da ƙasa ke daskarewa. Ta ce in yi mata irin haka. Na sayo gero da dawa a kasuwar Mile 12, na zuba a faranti, na jira. Kurciyoyi suka zo, tattabaru suka zo, da dare kuma ɓeraye, amma shaya ko kallon farantin bai yi ba. Abin da ya rage kuma laimar Legas ta sa ya yi fumfuna cikin kwana biyu. Sai da na zauna na lura na gane cewa shaya ba macin hatsi ba ne. Bakinsa ba irin na buwa ba ne mai fasa ƙwaya. 'Ya'yan itace masu laushi da ƙwari su ne cimarsa. Na zubar da geron, na riƙa raba nunanniyar gwanda biyu ina ɗorawa a kan reshe, na ajiye kasko marar zurfi da ruwa, domin suna son wanka ƙwarai. Kaskon dole a wanke shi kowace safiya, in ba haka ba ya zama wurin yaɗa cuta tsakanin tsuntsaye da kuma gidan sauro. Abin da ya fi duka amfani shi ne na roƙi uwargida mu rage feshin maganin ƙwari a kan ciyawa. Ta yarda, kuma cikin watanni kaɗan lambun ya fara ciyar da su da kansa.

Darasi mafi zafi ya zo ne da damina. Iska ta karya wani busasshen reshe mai kogo, na tarar da 'yan tsaki biyu a ƙasa, gashinsu bai gama fitowa ba. Iyayen suna sama suna ta kuka. Baba ya ce, “Ɗana, nemi tsani ka mayar da su kusa da inda suka faɗo, uwarsu tana kallonka.” Na ce, “Baba, ai in na bar su mage za ta cinye su.” Ya yi shiru bai ƙara magana ba. Na sa su a kwali na tafi da su ɗakina.

Na jiƙa gero na dama musu, na ba su kunu da sukari, na riƙa ɗiga musu ruwa a baki da yatsa, duk da zuciya ɗaya. A rana ta uku ƙaramin ya mutu a tafin hannuna. Na kai ɗayan wurin wata likitar dabbobi, ta saurari abin da na yi, sannan ta bi shi ɗaya bayan ɗaya. Ruwan da nake ɗigawa, in ji ta, yana iya bin hanyar numfashi ya shiga huhu, domin ƙofar maƙogwaron iska tana nan a gindin harshe. Ɗan tsako daga abinci yake samun ruwansa. Sukarin shayi kuwa dangin shaya ba sa iya narkar da shi, zawo yake sa su. Gero kuma ba ya gina jikin ɗan da iyayensa ke yi wa jigilar ƙwari tun safe har yamma. Ta ce in koma ga gara da tsutsa da dafaffen ƙwai da 'yar gwanda, in riƙa ba shi kusan kowane rabin awa muddin rana tana sama. Ta kuma gargaɗe ni game da abinci mai yawan sinadarin ƙarfe, saboda wannan dangi yana tara shi a hanta har ya kashe tsuntsun sannu a hankali, ba tare da mai shi ya ga alama ba.

Na riƙa zuwa da shi aiki a cikin kwando, ina yankan ciyawa ina duba agogo. Ya rayu, ya yi gashi, ya fara ƙyalli. Amma da lokacin sakinsa ya yi sai na ga ɓarnar da ba ta gyaruwa. Ya ɗauke ni a matsayin iyayensa. Ba ya tsoron mutum, ba ya tsoron mage, idan garke ya sauka a ɓaure ba ya binsu, kafaɗata yake nema. Tsuntsu ne da aka halitta don zaman taro, kuma ni na raba shi da taron. Wani malami a masallacin unguwarmu ya tuna mini hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, inda sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a lokacin tafiya, ta zo tana kaɗa fukafukai, Annabi (SAW) ya tambaya wa ya ɗaga mata hankali da 'ya'yanta, ya ce a mayar mata da su. Maganar Baba ce ta dawo mini da nauyinta.

Na fahimci abin da ke jan mutane su so kiwon irinsa. Ɗan uwansa na Turai gwanin kwaikwayo ne, yana ɗaukar fito da ƙarar waya har da kalmomin mutane, kuma shahararren mawaƙin Turai Mozart ya sayi ɗaya a 1784 ya zauna da shi shekara uku. Amma wanda ya ɗauki wannan nauyi ya sani cewa tsuntsun yana iya haura shekara goma sha biyar a hannu, yana buƙatar fili da wanka da abokin zama, kuma kashinsa ruwa-ruwa ne ba ƙanƙani ba. Gajiya da shi a sake shi ma ba mafita ba ce. Wanda aka raina a hannu mutuwa zai yi, baƙo kuma yana iya zama annoba: shayan Turai kimanin ɗari aka saka a birnin New York a 1890 da 1891, yau jikokinsu miliyoyi ne a faɗin Amurka, suna ƙwace kogon tsuntsayen ƙasar suna ɓata gonaki.

Uwargida ta yarda muka gina masa babban keji na waya a ƙarƙashin ɓauren, inda zai iya tashi kaɗan ya kuma ji muryar danginsa. Ni nake share shi, ni nake tono masa gara. Na kuma daina sare kowane busasshen reshe, sai wanda ke barazana ga rufi ko mutane, tunda a kogo suke sheƙa kuma gidajen Ikoyi kullum rage manyan bishiyoyi suke yi. A daminar bara wani ɗan tsakon ya sake faɗowa. Baba ya riƙe mini tsani, na ɗaure ƙaramin kwando a reshen da ke kusa da kogon, na sa shi a ciki, muka koma bakin ƙofa muka zauna. Kafin azahar uwar ta sauka da ƙwaro a bakinta.